Kundin aikin gungun ajiya na Ceph a makarantarmu da ke Katsina

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Hukumar makaranta ta amince a tattara ajiyar bayanan sassa wuri guda, maimakon yadda ake yi yanzu, inda kowace saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, take riƙe da nata fayafayan, idan ta lalace kuma aikin da ke kanta ya tsaya cak har sai an gyara. An ɗora wa sashenmu wannan aiki, kuma na ga ya dace in riƙa rubuta yadda yake tafiya, domin abokan aikinmu na Daura da Funtuwa da suke shirin irin wannan gini su ga lissafin da muka bi.

Za mu haɗa sabobi biyar su zama gungu ɗaya da Ceph, manhajar da ke haɗa fayafayan sabobi da yawa su zama ajiya guda, fitowar Reef ta shekarar 2023. Ceph ta daɗe a fage, domin Sage Weil ya gabatar da ita tun 2006 yana karatun digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, kuma kamfanin Red Hat ya sayi Inktank, kamfanin da aka kafa a kanta, a 2014. Ɓangaren da muke buƙata shi ne RBD, wanda yake bai wa kwamfuta faifan da take gani tamkar a cikinta yake, alhali bayanan suna warwatse a sabobi da yawa ta hanyar netwok. RBD yana yayyanka faifan gida-gida, kowane yanki MiB 4, wato wajen megabayit 4, sannan tsarin CRUSH ya lissafa inda kowane yanki zai zauna, a ajiye kwafi uku a sabobi uku dabam-dabam. Kowane faifai na zahiri yana da tasa manhajar da ke kula da shi, wato OSD.

A taron yau Darakta ya yi tambayar da na san za ta zo: “Injiniya, terabayit nawa za mu samu?” Na amsa masa a kan allo. Sabobi biyar, kowace da fayafayai shida masu terabayit 8, sun ba da 240. A raba uku saboda kwafi, saura 80. Dole ne a bar wurin da sabobi huɗu za su ɗauki kayan ta biyar idan ta mutu, saura 64. Ceph tana fara gargaɗi da zarar faifai ya cika kashi 85 cikin 100, ta daina karɓar rubutu a kashi 95, saboda haka abin da za mu iya yi wa makaranta alkawari bai wuce terabayit 54 ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Wato a cikin 240 ko rubu'i ba mu samu ba.” Na ce, “Haka ne, ranka ya daɗe, kuma girman wurin shi ne ɓangare mai sauƙi. Abin da nake neman lokaci a kansa shi ne saurin da ajiyar za ta riƙa amsawa ranar rufe rajista.” Ya ba mu zuwa bayan Ƙaramar Sallah.

Alhamis, 23 ga Janairu

Mun bar manhajar iostat tana aiki a kan tsofaffin sabobinmu, tana rubuta abin da fayafayai suke sha dare da rana. Na nace a kan wannan mataki tun kafin a yi maganar sayen kaya, domin duk lissafin da ba a ɗora shi a kan aikin da ake yi a zahiri ba ƙiyasi ne kawai.

Ayyukanmu ba iri ɗaya ba ne. Shafin rajista da na sakamakon jarrabawa suna kan rumbun bayanai na PostgreSQL, wanda yake aiki da ƙananan shafuka masu KiB 8, wato wajen kilobayit 8, kuma duk lokacin da ɗalibi ya danna maɓallin biyan kuɗi ko na zaɓen darasi, rumbun ba ya cewa an gama sai faifai ya tabbatar masa cewa rubutun ya zauna daram. Ɗakin jarrabawa ta kwamfuta kuwa yini yake a kwance, amma a minti ɗaya ɗalibai su shiga gaba ɗaya, a minti ɗaya kuma su miƙa amsa gaba ɗaya. Sai takardun ofishin Magatakarda da ake ɗaukar hotonsu, da kwafin ko-ta-kwana da ake yi cikin dare, waɗanda manyan fayiloli ne da ake rubutawa a jere, kuma ba su damu ba ko an jira su.

Ma'auni uku ne ake auna ajiya da su, kuma mutane sukan cakuɗa su. Akwai yawan megabayit da ke wucewa a sakan ɗaya, akwai yawan ayyukan karatu da rubutu a sakan ɗaya, wanda ake kira IOPS, akwai kuma jinkiri, wato lokacin da aiki ɗaya yake ɗauka kafin amsa ta dawo, ana ƙirga shi da milisakan. Tirela tana kwaso buhunan siminti ɗaruruwa daga Kano a tafiya ɗaya, amma mai son a kai takarda ɗaya Ƙofar Ƙaura a dawo masa da sa hannu yanzu, babur yake nema. Gungu irin na Ceph ya ƙware a aikin tirela, rumbun rajista kuwa aikin babur yake so.

Lissafin da ya haɗa ma'aunan a bayyane yake: IOPS shi ne yawan ayyukan da ke kan layi a lokaci guda, a raba da jinkiri. Idan manhaja tana aika rubutu ɗaya, ta jira, sannan ta aika na biyu, kuma kowane yana ɗaukar milisakan 2, ba za ta taɓa wuce 500 a sakan ba, ko da an jera mata fayafayai ɗari. Idan jinkirin ya kai milisakan 20, ta koma 50. Ƙarin fayafayai yana amfanar masu aiki da yawa a lokaci guda, amma ba ya rage wa mai aiki ɗaya jira. A kan wannan ne na rubuta burin aikin: rubutun KiB 4 zuwa 8, ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a 'yan milisakan kaɗan a kashi 99 cikin 100 na lokuta, har a ranar da saba ɗaya ta faɗi. Ban yarda a yi aiki da matsakaicin jinkiri ba, domin matsakaici yana ɓoye ɗalibin nan ɗaya cikin ɗari da shafinsa ya tsaya bayan an cire masa kuɗi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Da wannan buri muka koma kan fayafayai masu juyawa guda 30 da ke cikin tsarin farko. Faifan da ke juyawa sau 7200 a minti yana yin juyi ɗaya a milisakan 8.3, rabin juyi ke nan kusan 4.2, a ƙara da lokacin da allurar take ɗauka kafin ta isa layin da ake nema. Shi ya sa irin wannan faifai yake tsayawa a wajen ayyuka 100 a sakan idan ayyukan a warwatse suke. Talatin sun ba da 3000 a karatu. A rubutu kuwa sai a raba uku, domin kowane rubutu sau uku ake yinsa, saura 1000 ga makaranta baki ɗaya, tun kafin a cire abin da BlueStore, ɓangaren Ceph da ke rubutu a kan faifai, take ci wajen rubuta nata bayanan a ƙaramin rumbunta na RocksDB.

Hanyar da rubutu yake bi ita ce ta ƙara tabbatar da hukuncin. Kwamfuta tana aika shi ga OSD na farko, shi kuma ya aika wa sauran biyun, kuma ba ya mayar da amsa sai dukkansu ukun sun ce sun ajiye. Ke nan kowane rubutu yana jiran wanda ya fi nawa a cikin ukun, ga kuma tafiya biyu a kan netwok, zuwa da dawowa.

Saboda haka mun raba ajiyar kashi biyu, waɗanda ake kira tafki, ta hanyar ajin fayafayai na CRUSH. Masu juyawa za su ɗauki hotunan takardu da kwafin dare. Rumbunan bayanai da fayafayan da na'urorin VM, wato kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya a cikin saba, suke tashi da su za su zauna a kan SSD, fayafayan da ba sa juyawa, guda huɗu masu terabayit 1.92 a kowace saba. Ashirin ke nan, jimlar terabayit 38.4, wanda bayan irin lissafin da na yi wa Darakta ya koma wajen 8.7. Ya ishe mu, domin rumbunan namu ƙanana ne, surutunsu ne mai yawa.

A nan muka yi doguwar muhawara da ofishin Ma'aji. Sun kawo farashin SSD irin na kwamfutar gida mai girma ɗaya, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba, ga kuma yadda canjin dala yake. Ƙorafinsu yana kan hanya, kuɗin makaranta ne suke karewa. Na bayyana cewa SSD na saba yana ɗauke da kafasito da ke ba shi isasshiyar wuta ya kwashe abin da ke ƙwaƙwalwarsa ta wucin gadi idan an ɗauke lantarki, saboda haka yana iya cewa ya ajiye nan take, kuma gaskiya ya faɗa. Na gida ba shi da wannan, dole ne ya tsaya ya rubuta har ƙasa duk lokacin da aka ce ya tabbatar, kuma Ceph kusan kullum haka take cewa. Faifan da kwalinsa ya yi alkawarin dubun-dubatar ayyuka sai ya koma ɗaruruwa kaɗan. Da muka haɗa guda ɗaya na kowane iri a kan tebur, muka kunna musu fio, manhajar gwada saurin faifai, da rubutun KiB 4 mai tabbatarwa, suka ga lambobin biyu gefe da gefe a kan allo, mataimakin Ma'aji ya ce, “Malam, a rubuto takardar, za mu sa hannu.” Na kuma ƙi shawarar a rage kwafi zuwa biyu a ƙara samun wuri. Da kwafi uku, gungu yana ci gaba da karɓar rubutu lafiya idan ɗaya ya ɓace, domin biyu sun rage. Da kwafi biyu kuwa, mutuwar faifai ɗaya ta bar sakamakon jarrabawar ɗalibai a rataye a kan faifai guda.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Kaya sun iso daga Legas. Kafin mu karɓa mun bi kowane faifai da smartctl, muka duba awannin da ya yi a kunne da adadin abin da aka taɓa rubutawa a kansa, domin kwali sabo ba ya nufin faifai sabo. Biyu sun nuna sun taɓa aiki, dillalin ya amince ya canza su ba tare da gardama ba.

Ƙurar hunturu ta shiga ɗakin sabobi fiye da yadda muka zata. Matatar iskar na'urar sanyaya ɗaki da muka ciro ta koma ruwan ƙasa, idan aka ɗaga ta sama ko hasken fitila ba ya ratsa ta. An toshe ƙarƙashin ƙofa da ramukan da wayoyi suke shigowa, an kuma sa wanke matatar cikin aikin kowane mako.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama, muna tashi da wuri, saboda haka gwaje-gwaje masu tsawo muna kunna su da yamma mu karanta sakamako da safe. Hakan ya yi daidai da aikin, domin gwajin minti ɗaya yaudara ne: SSD yana gudu sosai yana fanko, sai ya cika ya fara share tsofaffin shafuka kafin ainihin saurinsa ya bayyana.

Mun bi gwajin hawa-hawa, daga ƙasa. Da farko kowane faifai shi kaɗai da fio, kafin Ceph ta taɓa shi. Sannan netwok da iperf3 tsakanin kowace saba da kowace. Layin gigabit 10 yana ɗaukar gigabayit 1.25 a sakan a takarda, a aikace ɗan ƙasa da haka. Kowace saba tana da layi biyu da aka ɗaure wuri guda, amma ya kamata mai karatu ya sani cewa haɗin TCP guda ɗaya ba ya wuce faɗin layi ɗaya, ɗaurin yana amfani ne idan haɗin suna da yawa. Ya kamata kuma a tuna cewa duk megabayit ɗaya da kwamfuta ta rubuta, biyu ne suke kai-kawo tsakanin sabobi saboda kwafi.

A nan muka gano abin da da ya wahalar da mu nan gaba. Mun ɗaga girman fakiti, wato ƙunshin bayanan da ke tafiya a netwok, zuwa bayit 9000 a sabobi, amma rami ɗaya a suwic ɗin da ke haɗa su ya zauna a 1500. Ƙananan fakiti suna wucewa lafiya, ping na yau da kullum, wato ɗan saƙon gwada ko saba tana ji, yana amsawa, manya kuwa suna ɓacewa. Ɗan bautar ƙasar da ke aiki tare da mu ne ya lura, ya aika ping mai bayit 8972 da umarnin kada a raba shi, saba ta huɗu ta yi gum. Ya kira ni, “Oga, zo ka ga, wannan ba ta amsawa.” Da an ɗora Ceph a haka, da sai dai mu riƙa ganin rubutu yana maƙalewa jefi-jefi, mu yi ta zargin fayafayai.

Bayan haka muka auna gungun da rados bench, sannan faifan RBD da fio. Kafin gwajin karatu mun cika faifan da bayanai tukuna, domin RBD ba ya keɓe wuri sai an yi rubutu, kuma karanta wurin da ba a taɓa rubutawa ba yana dawo da sifili cikin gaggawa, ya ba da lamba mai kyau da ba ta da ma'ana. Da aka jera ayyuka da yawa a kan layi lokaci guda, lambobin sun yi kyau tun daga farko. Da aiki ɗaya bayan ɗaya kuwa jinkirin ya fi abin da muka lissafa, kuma dalilin yana cikin BIOS, saitin tushe na saba: sabobin sun zo a tsarin tattalin wuta, inda furosesa take yin barci mai nauyi tsakanin aiki da aiki, kuma farkawarta tana cin lokaci a kowace saba cikin ukun da rubutu yake ratsawa. Da muka taƙaita zurfin barcin, muka mayar da tsarin zuwa na cikakken aiki, jinkirin ya sauko a bayyane. Kuɗinsa shi ne ƙarin wuta da ƙarin zafi, kuma na rubuta wa sashen ayyuka hakan domin su sa shi cikin lissafin inbata da dizal.

Alhamis, 20 ga Maris

An daidaita rukunan rabo, wato PG, waɗanda Ceph ke tara yankunan bayanai a cikinsu kafin ta raba su ga OSD. Ƙa'idar da aka saba ita ce wajen 100 a kowane OSD, a raba da yawan kwafi, a ɗauki lambar ninkin biyu mafi kusa. Tafkin masu juyawa ya samu 1024, na SSD ya samu 512. Ceph tana da mai daidaita su da kansa tun fitowar Nautilus a 2019, amma mun sa shi ya riƙa gargaɗi kawai, domin ba na son ya fara raba rukunai yana motsa bayanai a tsakiyar jarrabawa.

Kowane OSD yana neman GiB 4 na ƙwaƙwalwa a saitinsa na asali, goma a saba sun kai GiB 40, wato wajen gigabayit 40, kuma sukan haura haka lokacin sake gina kwafi, saboda haka muka tsaya a 96. RocksDB na fayafayai masu juyawa kuwa mun mayar da shi kan NVMe, wani nau'in SSD mai sauri, guda ɗaya a kowace saba, da sanin cewa idan wannan NVMe ya mutu, OSD shida ne za su tafi tare da shi. Tun da an riga an tsara gungun ya jure rasa saba sukutum, wannan bai ƙara mana wani haɗari sabo ba. Binciken lafiyar bayanai, na kullum da mai zurfi na mako-mako, mun keɓe shi tsakanin sha ɗaya na dare da biyar na asuba.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah, kuma yau muka yi gwajin da na fi damuwa da shi tun farkon aikin. Mun cika gungun da bayanan gwaji zuwa kashi 60 cikin 100, muka kunna fio yana kwaikwayon ranar rufe rajista, sannan muka zare wayoyin wutar saba ta biyu duka biyun, ba tare da an kashe ta ta hanyar da ta dace ba.

Abu na farko da ya faru shi ne tsayawa. Rubutun da ke da kwafi a wannan saba sun tsaya suna jira har sauran OSD suka tabbatar cewa 'yan'uwansu sun yi shiru, kuma wa'adin da ake ba su a saitin asali sakan 20 ne. A kan allo layin jinkiri ya miƙe sama, sannan ya faɗo da aka zaɓi sababbin shugabannin rukunai, wato OSD na farko na kowane rukuni. Wannan ya koya mana mu tsawaita haƙurin na'urorin VM da na shafin biyan kuɗi ya zarce wannan wa'adi, kada su yanke hukuncin cewa faifai ya mutu alhali yana dawowa.

Bayan minti goma Ceph ta fitar da fayafayan sabar daga lissafi, ta fara sake gina kwafinsu a kan sauran huɗu. Sabar tana riƙe da wajen terabayit 29 a masu juyawa, wato kowane faifai cikin 24 da suka rage zai karɓi kusan terabayit 1.2. Idan aka bar su suna rubuta megabayit 100 a sakan, aikin zai ƙare cikin awa uku da 'yan mintuna, amma mai neman takarda a ofishin Magatakarda zai sha jira. Idan aka rage zuwa 30, zai kai awa goma sha ɗaya, kuma duk tsawon wannan lokaci wasu bayanai kwafi biyu kawai suke da shi. Babu saitin da zai ba da biyun tare, dole ne a zaɓa. Mai tsara layi na mClock, wanda ya zama na asali tun fitowar Quincy a 2022, yana da tsari mai fifita masu aiki, da mai daidaitawa, da mai fifita gyara. Mun gwada su a jere, muka tsayar da cewa da rana a lokacin rajista da jarrabawa masu aiki ne a gaba, da dare kuma a juya zuwa gyara. Tafkin SSD bai nuna damuwa sosai ba a kowane tsari, kuma jinkirinsa ya zauna cikin burin da na rubuta a Janairu bayan tsayawar farko ta wuce.

Na kuma canza saiti ɗaya saboda yanayin wutarmu. A nan, saba ta ɓace na minti ashirin ya fi zama matsalar soket ko ta canjin wuta zuwa janareta fiye da mutuwar gaske, kuma ba daidai ba ne gungu ya fara jigilar terabayit 29 saboda abin da za a gyara kafin la'asar. Yanzu idan faifai ɗaya ya mutu, Ceph za ta gyara da kanta, idan kuwa saba sukutum ce ta ɓace, za ta jira mutum ya duba ya yanke hukunci. Wannan ya ɗora wa masu aikin dare nauyi, don haka an haɗa gargaɗin da wayoyinsu.

Laraba, 23 ga Afrilu

Bazara ta shigo da ƙarfinta, zafin rana yana haura digiri 40 a waje. Ƙungiyar ASHRAE ta Amurka ta ba da shawarar iskar da ke shiga saba ta kasance tsakanin digiri 18 da 27. Sabobinmu suna kan batura, ba sa jin ɗaukewar wuta, amma na'urorin sanyaya ɗaki suna mutuwa har sai janareta ya tashi, kuma a wannan taƙin ɗakin yana ɗumama da sauri. NVMe yana rage gudu da kansa idan ya yi zafi domin ya kare kansa, kuma tun da kowane rubutu yana jiran mafi nawa cikin uku, faifai ɗaya mai zafi yana iya jawo jinkiri a gungun baki ɗaya. Na yi magana da dattijon da ke kula da janareta, na ce, “Baba, idan wuta ta tafi da rana, ɗakin nan ne farko.” Ya ce ya ji, kuma an nemi sashen ayyuka su mayar da na'urar sanyaya ɗaya kan inbata.

Mun sa wa kowane faifan RBD iyakar IOPS, ban da na rumbun rajista, domin kada kwamfuta ɗaya da ke kwafin dare ko binciken ƙwayar cuta ta cinye rabon kowa. Iyakar tana aiki ne ta librbd, manhajar shiga RBD, wanda na'urorin VM ɗinmu a Proxmox, manhajar da ke gudanar da su, suke bi, ba ta aiki ga faifan da aka haɗa kai-tsaye ta kernel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Mako mai zuwa za a fara ƙaura da hotunan takardu, sai shafin ɗakin karatu. Rumbun rajista shi ne na ƙarshe, kuma ba za a taɓa shi ba sai an kammala aikin inbata, an kuma maimaita gwajin zare wuta da tsakar rana, ɗakin yana kan janareta.